Sharaɗin Ranar Laraba

Ranar da Farfesa ya ce a rarrabu rukuni-rukuni, kafin Anti ta mayar wa bironta murfi aji ya gama rabuwa. Kujeru suka yi ta ƙugi a kan siminti, wannan ya jawo hannun wancan, waccan ta ƙifta wa ƙawarta ido, nan da nan kowa ya samu nasa. Ita kaɗai ta rage a layin gaba, gefen taga, da tabarau a kan hanci da jaka a kan cinya.

Kada in ɗauki alhakin yaran nan, ba tsanar ta suka yi ba. Tare suka yi digirin farko, tare suka dawo na biyu a fannin tattalin arziki da cinikayyar ƙasa da ƙasa. Sun san juna ciki da bai, har wanda ke gyangyaɗi a lacca da wanda ke rufa masa asiri. Ita kuwa daga ofishin wani kamfanin fiton kaya ta fito, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana buga hatimi a takardun kwantenonin da ba ta taɓa ganin cikinsu ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da ɗanta guda ya samu aiki ya yi nisa, gida ya yi mata faɗi, sai ta ce bari ta je ta ga abin da ke juya kayan nan daga wannan ƙasa zuwa waccan. A haife ta haifi rabin ajin. Suna ce mata Anti, suna ɗan rusunawa in za su gaishe ta, suna matsa mata a bakin ƙofa. Girmamawa ce tsakani da Allah, amma irin ta nesa-nesa. Ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa ce mata, "Anti, zo ki ji wani abu."

Farfesa, wani dogo mai yawan tari, ba ya yarda a koyi ciniki a littafi kawai. Duk shekara sai ya ƙirƙiro ƙasashe na ƙarya ya raba wa ɗalibai, kowane rukuni ya riƙe tasa, su yi ta ja-in-ja da juna har ƙarshen zango. Wasu suka ɗauki Ƙasar Ƙarfe, wasu Ƙasar Mai, wasu Ƙasar Auduga. Da ya zo kan Anti sai ya dube ta, ya dubi sauran aji ko wani zai ce ta dawo wurinsu. Kowa ya samu abin kallo a cikin wayarsa.

"To, Malama, kin zama gwamnati ke kaɗai," in ji shi. "Ga Tsibirin Gishiri nan. Ke ce shugaba, ke ce ministar kuɗi, ke ce 'yar adawa."

Aji ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi, don in ba ta yi ba me za ta yi?

Ya rubuta dokoki biyu a allo. Ta farko, duk ƙasar da zango ya ƙare ba ta ƙulla yarjejeniya ko ɗaya ba, mutanenta sun faɗi kwas ɗin. Ta biyu ita ce wadda ya kira dokar rashin fifiko: rangwamen da ka yi wa ƙasa ɗaya, ka yi wa kowa ke nan. In ka rage wa Auduga kuɗin fito, to Ƙarfe ma ta samu, Mai ma ta samu, ko da ba su taɓa ce maka sannu ba.

Tsibirin Anti ba shi da komai sai gishiri da tashar jiragen ruwa mai zurfi, a daidai hanyar da jiragen kowa ke bi. Kowane jirgi sai ya tsaya can, kuma sai ya biya kuɗin tsayawa mai tsada. Da ta karanta haka sai ta ji wani sanyi a ranta. Ashe dai dole su zo wurinta! A hanyar komawa ta tsaya a shagon bakin ƙofar makaranta, ta sayi kofi na biyu, mai zanen fure a jiki, da fakitin biskit.

Ɗakinta yana can ƙarshen baranda a gidan kwanan ɗalibai mata. Saura bibbiyu suke kwana, ita don girmama shekarunta aka ba ta ɗaki ita kaɗai. Gado ne na ƙarfe, da tebur mai rawar ƙafa da ta tokare da kwali, da butar lantarki, da taswirar duniya da wadda ta riga ta zama a ɗakin ta bari a bango. Tagar na kallon igiyar shanya da tankin ruwa. Ta share ɗakin, ta goge teburin, ta ajiye kofunan biyu kusa da juna, ta ce a ranta wannan shi ne ofishin jakadancin Tsibiri.

Shiru kake ji. Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo shi, ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Ai yaran ba wawaye ba ne, sun karanta doka ta biyu. Me zai sa Ƙarfe ta je ta sha wahalar ciniki, alhali in Mai ta je ta samo rangwame ita ma za ta samu a zaune? Mai ma lissafin da ta yi ke nan. Kowa ya naɗe hannu yana jiran ya ci bulus. Anti ta gane wannan sarai, har ta yi rubutu a kansa a aikin gida, Farfesa ya ba ta maki mai kyau. Amma sanin dalilin shiru ba ya rage shiru. Da yamma takan ji su a barandar suna gardama kan darajar kuɗin Ƙasar Mai, suna shewa, suna rantse-rantse, su bi ta ƙofarta su wuce wurin ɗiban ruwa. Kaɗaici ya ishe ta, irin wanda mutum kan kunna buta ba don yana son shayi ba, sai don ya ji ƙarar wani abu a ɗaki.

Yayarta takan kira ta a waya duk ƙarshen mako, ta ba ta labarin ciwon gwiwa, da surukarta mai barci har rana ta take, da famfon da ya ƙi gyaruwa.

"Ke dai kina can kina hutawarki," in ji Yaya. "Karatu da furfura, Allah ya kyauta. Kin dai samu abokan hira ko?"

"Cike, Yaya. Har ba na samun lokacin kaina."

"To madalla. Ni da nake tsoron ko kina can kina magana da bango."

Anti ta dubi taswirar, ta yi dariya yadda Yaya za ta ji.

Wata Laraba bayan laccar yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti ta ɗauka mai shara ce. Da ta buɗe sai ga Auta, ƙaramar ajin gaba ɗaya, 'yar firit da ita, da ƙatuwar jakar goyo kamar za ta kayar da ita baya. 'Yar Ƙasar Auduga ce. Auduga kaya ce mai cika jirgi ba riba mai yawa, kuɗin tasha yana cinye su, don haka su ne haƙurinsu ya fara ƙarewa. Shugaban rukuninsu, wani mai ɗaura laktaya ya zo lacca, wanda ake wa laƙabi da Gwamna saboda kullum cewa yake shi zai zama gwamnan babban banki, shi ya turo ta.

"Ina wuni, Anti. Ba zama na zo yi ba, takarda ce Gwamna ya ce in kawo ki duba."

"A tsaye ake ciniki a ƙasarku? Shigo, 'yata. Tsibiri ba ya karɓar jakada a bakin ƙofa."

Auta ta shigo ta ɗosana a gefen gado, jakar tana bayanta. Anti ta kunna buta, ta zuba sukari. Tana cikin duba takardar, yarinyar ta leƙa kwamfutar da ke buɗe a kan tebur.

"Kai, Anti! Wa ya ce ki jera alƙaluman nan haka? Shi ya sa yake ba ki amsar banza."

Lissafi shi ne ciwon kan Anti tun da ta zo. Ta kwana biyu tana fama da wani aiki kan yadda faɗuwar darajar kuɗi ke taɓa kayan da ƙasa ke fitarwa, kwamfuta tana ta nuna mata jan rubutu. Auta ta sauke jaka, ta jawo kujera, ta danna nan ta danna can tana surutu kamar rediyo, sai ga zane ya fito tsaf. Kafin su farga shayi ya huce, an sake dafa wani, biskit ya yi rabi. Maganar tasha ko taɓa ta ba su yi ba.

"Kin ga abin da Farfesa ke faɗa ko?" in ji Anti tana raka ta. "Kowa ya riƙe abin da ya fi iyawa. Ke lissafi, ni shayi."

"Sai Laraba ke nan, Anti, mu gama maganar."

Laraba ta zo, Auta ta zo. Wata Larabar ma ta zo. Takan ture takalmi a bakin ƙofa, ta haye gado ta naɗe ƙafa, ta ɗauki kofi mai fure ba tare da an miƙa mata ba. Ta ba Anti labarin mamarta da ke son ta bar karatu ta kama aiki a banki, da yadda Gwamna ke gyara laktaya a gilashin motar mutane, da abokiyar ɗakinta mai aron sabulu ba mayarwa. Anti kuwa ta ba ta labarin ofis, da kwantenar da ta taɓa yin wata da watanni a tasha saboda an rubuta "kujeru" a takarda alhali tebura ne a ciki. Ta ɗinke mata hannun jakar da ya fara tsinkewa. Ranar Laraba tun da safe Anti kan tashi da waƙa a baki, har mai shara ta tambaye ta ko ɗanta ne zai zo.

To, ga inda gizo ke saƙar. Anti ta san abin da ke kawo yarinyar: sa hannu. Ran da aka sa hannu, jakada ya gama aiki, ba shi da sauran abin yi a Tsibiri. Wannan tsoron ne ya zauna mata a ƙirji, ta shiga jan ƙafa. Kuma wa zai kai tsohuwar ma'aikaciyar fito iya jan ƙafa? Wannan makon ta ce sai an fayyace wa zai biya in jirgi ya zubar da mai a tasha. Na gaba ta ce audugar da aka noma a wata ƙasa aka ɗaure a tasu, ta wa ce? Da aka warware wannan ta ce gishirinta fa, da buhu za a auna ko da nauyi, tunda gishiri na shan danshi a teku?

Auta ta riƙe ciki tana dariya. "Wallahi Anti, da ƙasar gaske aka ba ki, da manyan ƙasashe sun shiga uku."

"Ai ƙaramar ƙasa ba ta da makami sai haƙuri. Ƙara sukari."

Ana haka zango ya fara tsufa. Sauran ƙasashe duk sun ƙulla da juna, Auduga ma tana da tata da Ƙarfe, ba abin da zai same su. Tsibiri ne kawai ba shi da ko ɗaya. Wata rana Gwamna ya tare Anti a gindin matakala, ya rusuna yadda aka saba, amma muryarsa ba ta rusuna ba.

"Anti, da girmanki, abin nan ya isa haka. Mu riba muke nema, ke kuwa kwas ɗinki ne a kan layi. Juma'a ake rufe karɓa. Ki rubuta duk abin da kike so ki kawo mini, ni ke sa hannu, ba Auta ba."

Larabar nan Auta ma ta faɗa mata, ba wasa a fuskarta. "Anti, ki rufa wa kanki asiri ki sa hannu. In kika faɗi sai kin maimaita shekara, ni kuma ba zan ji daɗi ba."

"Zan sa, 'yata."

Bayan ta tafi Anti ta zauna da kofunan biyu a gabanta. Gaba kura, baya sayaki. In ta ƙi sa hannu ta faɗi, in ta sa Laraba ta koma kamar Talata. Ka ce mini, me zai hana ta buɗe baki ta ce wa yarinyar, "Ki riƙa leƙo ni ko an gama, ina jin daɗin zuwanki"? Kalma nawa ce? Amma bakin ya yi mata nauyi. Mace mai shekarunta ta roƙi sa'ar ɗanta ta riƙa zuwa taya ta hira? In yarinyar ta ce to don kunya fa? In ta ce to kuma ba ta zo ba fa? Anti ta shekara da shekaru a wurin da maganar baki ba ta fitar da kaya daga tasha, sai abin da ke rubuce da hatimi a kai. Ga shi kuma ta karanta a kwas ɗin nan cewa manyan yarjejeniyoyi kan zo da kwamitin bita, wakilai su riƙa zama lokaci-lokaci suna duba yadda abubuwa ke tafiya. Sai ta ji kamar an kunna mata fitila.

Ta buɗe kwamfuta ta rubuta. Tsibiri ya yafe kuɗin tsayawa a tasha gaba ɗaya, ba ragi ba, yafewa. Bai nemi a sayi gishirinsa ba, bai nemi komai ba sai sharaɗi guda a ƙarshe: wakilan nan biyu da suka yi cinikin za su riƙa zama kowace Laraba da yamma a ofishin jakadancin Tsibiri domin bita, har zuwa kammala karatu. Ta karanta, ta ga ya yi kyau, ya yi kama da na gaske. Ba roƙo a ciki, ba kunya.

Gwamna ya karanta a tsaye, idonsa ya tsaya kan kalmar yafewa, ya kusa haɗiye laktayarsa. Sharaɗin ƙarshe ko a jikinsa. Ya rattaba hannu kafin ta canza ra'ayi, bai ko nemi Auta ba.

Ranar babban zama aka haɗa kujeru da'ira, Farfesa ya kunna majigi yana haska yarjejeniyoyi ɗaya bayan ɗaya a bango, yana yaba wannan yana caccakar wancan. Ta Tsibiri ce ta ƙarshe. Ya karanta sashen farko, ya yi tari.

"Tasha ta zama kyauta ga Auduga. Bisa doka ta biyu, wa kuma ya samu?"

"Kowa!" aji ya amsa. 'Yan Ƙarfe da 'yan Mai suka hau tafi, banza ta faɗi.

"Malama, ke ce kika yi mini rubutu mafi kyau a kan wannan dokar, don haka na san ba mantuwa kika yi ba. Kin ba duniya tasharki. Bari mu ga me kika karɓa."

Ya gangara ƙasa. Sharaɗin ya fito a bango da manyan baƙaƙe, ya karanta shi da ƙarfi, kalma-kalma, har da "kowace Laraba da yamma". Bawan Allah, da zuciya ɗaya ya yi tambayar, shi tunaninsa na wurin ciniki.

"Bitar me? Kin yafe komai, ba abin da ya rage da za a duba. Me za ku zauna ku yi duk Laraba?"

Anti ta cire tabarau ta shiga gogewa. Can daga baya wani ɗan banza ya ce, "Shayi za a duba, Farfesa." Dariya ta ɓarke. Gwamna, da ba ya bari a riga shi, ya miƙe yana gyara wuyan riga.

"Ashe ba auduga muka fitar waje ba, Auta muka fitar!"

Aji ya kife. Har da masu buga tebur. Anti ba ta ji kunyar kanta ba kamar yadda ta ji da ta waiga ta ga Auta. Yarinyar ta kafe bangon da ido tana karanta sharaɗin a karon farko, kunnuwanta kamar za su kama da wuta, ƙawayenta na zungurin ta ta kowane gefe. Sai a lokacin Farfesa ya gane abin da ya tono. Ya yi tarin da ba na ciwo ba, ya kashe majigi.

"Ya isa. Yarjejeniya ce, an sa hannu, ta cika doka. Tsibiri ya ci kwas."

Ta ci kwas. Ta tattara takardunta ta fita, suna matsa mata a ƙofa kamar kullum.

Laraba ta zagayo. Anti ta dafa ruwa, ta kashe, ta sake dafawa. Daidai lokaci aka ƙwanƙwasa, ba irin bugun da ta saba ji ba mai haɗe da kiran "Anti, jakada ya iso". Auta ta shigo da takalminta, jaka a baya, farar takarda a hannu.

"Ina wuni, Anti. Na zo bita. Ga inda za ki sa hannu cewa an zauna."

"Zauna mana, 'yata. Ga shayi."

"Na gode, na ƙoshi."

Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallon taswira. Anti ta rasa inda za ta sa hannuwanta, ta gyara kwalin ƙafar tebur da ba abin da ya same shi.

"Auta, ban yi don in kunyata ki ba."

"Na sani." Ta juyo ta dubi Anti. "Anti, da kin ce in zo, wallahi da na zo. Kina tsammani ban gane kina jan ƙafa ba? Gishiri na shan danshi! Tun tuni na gane. Gwamna yana ta yi mini faɗa, ina ce masa ke ce mai taurin kai, alhali ni ma ba na so a gama. A nan kaɗai nake magana a saurare ni har in kai ƙarshe. Har na yi niyyar in an sa hannu in zo in ce miki yanzu sai hira zalla."

Anti ta zauna a bakin gado.

"Amma sai kika sa ni a takarda kamar buhun auduga. Yanzu duk inda na bi, 'ga kayan fitarwa nan'. Da na fito ɗazu abokiyar ɗakina cewa ta yi in gaida tasha. Ni kaina da nake tahowa ban san ko don ke na taho ba, ko don an rubuta."

Hawaye ya zubo mata, ta goge da bayan hannu cikin fushi. Anti ta so ta jawo ta jikinta, amma ta ga ba ta da wannan hurumin yau. Garin neman gira ta rasa ido, kuma ba wanda ya tsone mata shi sai ita. Ta miƙa hannu ta karɓi takardar. Maimakon ta sa hannu a inda aka nuna, sai ta rubuta a ƙasa cewa Tsibiri ya janye sharaɗin bita daga yau, ba ya bin kowa zama. Ta sa hannu ta miƙa mata.

"Ki kai wa Gwamna, ya nuna wa duk mai son gani. Ba takardar da ta ɗaure ki. Ƙofa dai kin san ta."

Auta ta karanta, ta ninke, ta sa a aljihun jakar da Anti ta ɗinke. Ta juya ta nufi ƙofa.

"Sai an jima, Anti."

A ƙarshen makon Yaya ta kira, ta gama labarin gwiwa, ta koma ƙorafi. "Hutu ya kusa, kada ki ce mini karatu. Ke kullum sai waya, sai saƙo. Zumunta a ƙafa take, in mutum na son ka ba sai an tuna masa hanya ba."

"Haka ne, Yaya."

"Muryarki fa? Mura ce?"

"Fanka ce ta yi mini yawa."

Laraba ta gaba ta sayi sabon biskit, ta wanke kofi mai fure duk da ba a sha komai a ciki ba. Ta bar ƙofa a ɗan buɗe, yadda mai zuwa ba sai ya ƙwanƙwasa ba. Rana ta sauka daga kan tankin ruwa zuwa igiyar shanya. Ta ji takun mutane a baranda, ta ji dariya, a ciki har da wadda ta sani, mai sauri kamar rediyo. Ta miƙe ta kunna buta. Takun ya matso, ya zo daidai ƙofa, ya ɗan lafa. Sai wata ta ce, "Ke Auta, taho mana, layi zai yi tsawo," bokitai suka yi ƙara, suka wuce wurin ɗiban ruwa. Buta ta tafasa ta kashe kanta.

Washegari da safe suka haɗu a ƙofar aji. Auta na tsakiyar ƙawayenta, an daina tsokanar ta, har Gwamna na riƙe mata littafi. Da ta ga Anti sai ta ja gefe ta matsa mata hanya, ta ɗan rusuna.

"Ina kwana, Anti."

Gaisuwa ce mai kyau, ba abin da za ka kushe a cikinta. Irin wadda kowa ke yi mata ce tun farkon zango, ba ƙari ba ragi.

"Lafiya lau," in ji Anti. Kalmar "'yata" ta zo mata har bakin leɓe, ta mayar da ita. Ta wuce layin gaba, gefen taga, ta ɗora jaka a kan cinya, ta cire wa bironta murfi.